Addu'a, Nazari da Sujada: Yadda Kiristocin Arewa Ke Yin Ibada da Harshen Hausa

Duk ranar Lahadi da safe, daga Zuru zuwa Mubi, daga Kafanchan zuwa Maraɗi, miliyoyin mutane ne ke kiran sunan Allah da Hausa a cikin majami'u. Wasunsu Hausawa ne gaba da baya, 'yan Malumfashi da Wusasa da ƙauyukan Kano. Mafi yawansu kuwa Birom ne da Angas da Bajju da Atyap da Tangale da Bura da Margi da Dakarkari, waɗanda Hausa ta zame musu harshen kasuwa, ta kuma zame musu harshen ibada.

Duk da wannan yawa, a fagen siyasa ba a cika tunawa da su ba sai lokacin lissafin ƙuri'u ko bayan an kai hari. Matashin da ya tashi a Kano ko Sakkwato yana iya kammala jami'a bai san abin da maƙwabcinsa Kirista ke yi a cikin coci ba, kamar yadda ɗan Legas ke iya ɗauka cewa duk mai jin Hausa Musulmi ne. Wannan rashin sani shi ne jarin masu raba kan jama'a. Ibadar Kirista ta tsayu ne a kan duwatsun murhu uku: addu'a, nazarin Littafi Mai Tsarki, da sujada tare da jama'a. A Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar, an fi shekara ɗari ana girka dukkan ukun da Hausa.

Yadda Hausa ta shiga majami'a

Aikin ya faro ne tun kafin Turawan mulki su ci ƙasar Hausa. James Schön, wani Bajamushe ɗan mishan ɗin CMS ta Ingila, ya bi ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, kuma daga nan ya duƙufa kan nazarin Hausa. Ya samu taimakon Dorugu, wani yaro Bahaushe da matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Schön ya fassara Bisharar Matiyu a 1857, ya wallafa ƙamus a 1876, sannan Sabon Alkawari ya fito a 1880.

A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci wata tawaga zuwa Kano, amma Sarki Alu ya sallame su bayan 'yan kwanaki. A cikin tawagar akwai wani likita, Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a birnin Zariya tun daga 1905. A can ne ya haɗu da zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a cikin koyarwarsa. Wasu daga cikinsu sun karɓi Kiristanci. A 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa fasalin ginin Hausa, kuma tana nan tsaye har yau. Makarantar wannan mishan ce ta yaye Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Sai dai abin da ya yaɗa Hausa a majami'u ya wuce Zariya. Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alƙawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Sai suka karkata zuwa tuddan Filato, Kudancin Zariya, Adamawa, Tangale da Zuru. Mishan ɗin SIM, wanda mutanensa uku na farko suka sauka Legas a 1893, shi ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954. Mishan ɗin SUM na Karl Kumm ya fara aiki a Wase a 1904, kuma daga rassansa aka samu COCIN a Filato da ikilisiyar Lutaran a Numan. A Garkida kuwa, a ƙarƙashin wata tsamiya aka yi sujadar farko ta Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, a watan Maris na 1923. Limaman Katolika sun kafa sansaninsu a Shendam a 1907.

Waɗannan yankuna suna da harsuna barkatai, ba kuma mishan ɗin da ke da ma'aikatan da za su koyi kowanne. Hausa kuwa fatake sun riga sun kai ta kasuwanninsu. Sai ta zama harshen horar da masu bishara da fastoci. Shaidar haka tana cikin sunayen da ikilisiyoyin suka raɗa wa kansu: TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, da HEKAN, Haɗaɗɗiyar Ekklisiyar Kristi a Nijeriya, duk taƙaitattun sunaye ne na Hausa.

Littafin da masu nazarinsa

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma Miller ne ƙashin bayan aikin, tare da Hausawan da suka taya shi tace harshe. An sake sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970 da rubutun Hausa na zamani, wasu kuma sun biyo baya. Har yau akwai dattawan da ba sa jin daɗin karatu sai da tsohuwar fassara, domin da ita suka haddace ayoyinsu tun suna yara.

Littafin ya kasu biyu. Tsohon Alkawari yana ɗauke da littattafan Musa, tarihin Isra'ila, Zabura 150, Karin Magana da littattafan annabawa. Sabon Alkawari yana ɗauke da bishara huɗu, ta Matiyu, Markus, Luka da Yahaya, sai Ayyukan Manzanni, wasiƙun manzanni da Wahayin Yahaya. A wurin ikilisiyoyin Furotesta littattafan 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. Katolika suna ƙirga 73, saboda ƙarin littattafai bakwai da suke karɓa a Tsohon Alkawari.

Kiristoci ba su keɓe wani harshe ɗaya da dole sai da shi za a yi karatun ibada ba. An rubuta akasarin Tsohon Alkawari da Ibrananci, Sabon da Girkanci, amma a wurinsu fassarar Hausa Maganar Allah ce kamar kowace fassara. Wannan aƙida ta haifar da wani sakamako da ya wuce addini: don mutum ya cancanci baftisma, ikilisiyoyi da yawa sun so ya iya karanta Littafin da kansa. Ajin baftisma ya zama ajin yaƙi da jahilci. A ƙauyuka da dama na Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa, kakanni mata da ba su taɓa shiga makarantar gwamnati ba sun koyi karatun boko ne ta wannan hanya.

Nazarin yana da matakai. Akwai na mutum shi kaɗai da asuba, sau da yawa da taimakon ɗan littafin ibada na kullum irin su Abincin Yini, wanda ke ba da nassin ranar da gajeren bayani da abin da za a yi addu'a a kai. Akwai na iyali, inda uba ko uwa ke tara yara kafin a fita ko kafin a kwanta. Akwai makarantar Lahadi ta yara da manya, da binciken Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, inda ake karanta sura aya bayan aya, a yi tambaya, a yi musu, a koma ga nassi. A makarantun sakandare kuwa ƙungiyar ɗalibai ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ita ce ta raini zuriya bayan zuriya a kan wannan al'ada. A yau wayar hannu ta shiga tsakani: matasa da yawa suna karanta Littafin ne a manhaja, suna kuma karɓar ayar safiya ta WhatsApp.

Addu'a

Addu'ar Kirista ba ta da ƙayyadadden lokaci ko alƙibla ko alwala da aka wajabta wa kowa. Ana yin ta a tsaye, a zaune ko a durƙushe, da kowane harshe, kuma yawanci ana rufe ta da sunan Yesu. Malaman ikilisiya kan koyar da cewa cikakkiyar addu'a ta ƙunshi yabo, furta zunubi, godiya da roƙo, wa kai da wa wasu. Addu'ar da kowace ɗarika ta haddace ita ce Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa kamar yadda ta zo a Matiyu sura 6 da Luka sura 11. Abin da ke cikinta kaɗan ne: tsarkake sunan Allah, roƙon zuwan mulkinsa, abincin yau, gafara gwargwadon yadda mai roƙon ke gafarta wa wasu, da tsari daga jaraba da mugunta.

Daga nan salo ke bambanta. Angalika suna bin littafin addu'a rubutacce, mai addu'ar safe da ta maraice. Katolika suna da carbinsu, da Hanyar Gicciye mai matsayi 14 da suke bi musamman a ranakun Juma'a na lokacin azumi. A ECWA da COCIN da EYN da Baftis an fi yin addu'a da ka, inda jagora zai ambaci buƙata, wani ya miƙe ya roƙa a madadin kowa. Ikilisiyoyin Fentikos, waɗanda suka bunƙasa a biranen Arewa tun daga shekarun 1980, sun zo da addu'ar da kowa ke ɗaga murya lokaci guda, da kwanan addu'a har wayewar gari. Salon nasu ya ratsa har cikin tsofaffin ikilisiyoyi ta hannun matasa.

Akwai kuma azumi. Katolika da Angalika da Lutaran suna kiyaye kwana 40 kafin Ista, farawa daga Laraba ta Toka. Wasu ikilisiyoyin Fentikos kan buɗe shekara da azumin kwana 21. Sauran sukan sa azumi ne gwargwadon buƙata: rashin ruwan sama, rashin lafiya, gabatowar zaɓe, ko sace wani ɗan ikilisiya. Wanda ke son sanin abin da ke damun talakan Arewa, ya saurari jerin buƙatun addu'a na ranar Laraba a wata majami'ar ƙauye. Zai ji tsadar taki, kuɗin makaranta, hanyar da ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, da addu'a domin shugabanni, wadda nassi ya umarta ko an zaɓe su ko ba a zaɓe su ba.

Sujadar Lahadi

Kalmar sujada a bakin Kirista mai jin Hausa tana nufin dukan taron ibada, ba sa goshi a ƙasa kaɗai ba. Ana yin ta ranar Lahadi saboda imanin cewa a ranar ce Yesu ya tashi daga matattu. A yawancin ikilisiyoyin Furotesta tsarin kusan ɗaya ne: addu'ar buɗewa, waƙoƙi, karatun nassi, sanarwa, baiko, wa'azi, sannan albarka. Wa'azi ne tsakiyar taron. A Katolika kuwa tsakiyar taron ita ce Jibin Ubangiji, wanda ake yi a kowace sujada, alhali wasu ikilisiyoyin sukan yi shi sau ɗaya a wata. Da Latin ake yin sujadar Katolika a kusan ko'ina har zuwa babban taron Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofa ga harsunan gida, Hausa na ciki.

Waƙa tana da asali biyu. Na farko shi ne Littafin Waƙoƙi, wanda yawancin abin da ke cikinsa fassara ce ta waƙoƙin Turai da Amurka. Karin waɗannan waƙoƙi bai cika dacewa da karin sautin Hausa ba, amma tsufa da sabo sun mai da su na gida, kuma da wuya a yi jana'iza ko ɗaurin aure ba a rera su ba. Asali na biyu shi ne waƙoƙin da jama'a suka tsara da kansu, kuma a nan ne mata suka yi zarra.

Zumuntar Mata ita ce ƙungiya mafi ƙarfi a kusan kowace ikilisiya ta Arewa. Ana gane su da zanen anko mai tambarin ikilisiyarsu, da kayan kiɗansu na tulu da ganga da kuge da kacau-kacau. Waƙoƙinsu na amshi ne, jagora ta bayar, saura su karɓa, kuma a ciki suke zuba labaran nassi da gargaɗi ga mashaya da mazan da ba sa kula da gida. Bayan waƙa, su ne masu ziyarar marasa lafiya, masu girkin gidan makoki, masu tara gudummawa ga gwauraye da marayu. A ikilisiyoyin da ba a naɗa mata fastoci, wannan zumunta ce mumbarinsu. Kusa da su akwai ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda ta samo asali daga wani yunƙurin bishara na shekarun 1960, sai zumuntar matasa da ƙungiyar mawaƙa. Daga wannan tushe ne mawaƙa irin su Panam Percy Paul da Solomon Lange suka kai waƙar bishara ta Hausa har majami'un Kudu.

Shekarar ibada tana da manyan ranakunta: Kirsimeti a 25 ga Disamba, Juma'ar tunawa da gicciye da Lahadin Ista, Fentikos kwana 50 bayan Ista, da godiyar kaka, ranar da manoma ke shigo da dawa da masara da doya gaban majami'a.

Kalmomi ɗaya, aƙida dabam

Musulmin da ya saurari sujadar Hausa zai ji kalmomin da ya sani: Allah, Ubangiji, addu'a, azumi, tuba, gafara, annabi, mala'ika, zakka, wa'azi, Zabura, Almasihu. Masu fassara sun tarar da Hausa ta riga ta ɗauki kalmomin tauhidi daga Larabci ta hanyar Musulunci, sai suka yi aiki da su. A Malesiya sai da aka je har kotun ƙoli kan ko wata jaridar Katolika za ta iya amfani da kalmar Allah, aka kuma hana ta. A ƙasar Hausa kuwa kusan ƙarni guda ke nan kalmar tana cikin Littafi Mai Tsarki.

Tarayya a kalma ba ta share bambancin aƙida ba, kuma babu amfanin ɓoye shi. Kiristoci sun gaskata cewa Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, cewa an gicciye Yesu ya kuma tashi, kuma ceto ta wurinsa yake. Musulunci ya ɗauki Isa a matsayin annabi mai girma, bai yarda da allantakarsa ko gicciye shi ba. Kowane ɓangare ya san matsayinsa. Abin da kalmomin suka nuna shi ne cewa al'ummomin biyu suna tunanin zunubi da rahama da lahira da harshe guda, kuma suna iya fahimtar juna ba tare da tafinta ba.

Ibada tsakanin doka da bindiga

Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi da bayyana shi ta hanyar ibada da koyarwa, shi kaɗai ko cikin jama'a. Ya kuma hana tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma.

A aikace, ƙungiyar CAN, wadda aka kafa a 1976, da Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, mai wakiltar Kiristoci Hausawa da Fulani da Barebari, sun daɗe suna kokawa kan abubuwa biyu a wasu jihohin Arewa: wahalar samun takardar mallakar fili don gina majami'a, da rashin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. Tun da Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, batun filin ibada ya zama batun siyasa kai tsaye. Musulmi marasa rinjaye a wasu sassan ƙasar suna da irin wannan kuka game da masallatai, wanda ke nuna cewa cutar ta shafi duk wanda ya tsinci kansa tsiraru.

Sai kuma jini. An tayar da bam a majami'ar St. Theresa da ke Madalla ranar Kirsimeti ta 2011. An buɗe wuta kan masu sujada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero a Afrilun 2012, sannan aka kai hari kan majami'u a Zariya da Kaduna a watan Yuni na shekarar. A Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN a Kwarhi kusa da Mubi, kuma yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a shekarar 'ya'yan wannan ikilisiya ne, wadda aƙidarta ta haramta ɗaukar makami. A Nijar, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015. Masu kisan ba su tsaya a coci ba: a Nuwamban 2014 sun kashe masallata a Babban Masallacin Juma'a na Kano. Tun daga waɗannan shekaru, binciken jaka da shingen ƙarfe a bakin ƙofa suka zama wani ɓangare na zuwa ibada, Juma'a da Lahadi.

A cikin wannan duhu akwai abin da ya cancanci tunawa. A watan Yunin 2018, lokacin da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su.

Makomar harshen sujada

Matsayin Hausa a majami'a yana fuskantar matsi daga ɓangarori biyu. A birane, ikilisiyoyi da yawa sun raba sujada gida biyu, ta Turanci da ta Hausa, kuma matasa sun fi cika ta Turanci. A ƙauyuka kuwa, al'ummomi da dama suna ganin Hausa ta danne harsunan iyayensu, wasu ma suna danganta ta da tarihin mulkin masarautu a kansu. Shi ya sa aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Birom da Angas da Tyap da Jju da sauransu ya samu karɓuwa, Jos kuma ta zama cibiyarsa. Tibi dama tun farko da harshensu suke sujada.

Duk da haka, a duk inda Bura da Bajju da Tangale suka haɗu a majami'a ɗaya a Kano ko Abuja ko Legas, Hausa ce ke haɗa su. A can ƙuryar Arewa ma ikilisiya tana ƙara kafuwa: a 2023 fadar Paparoma ta ƙirƙiro dayosis ɗin Katsina, ta naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan asalin Malumfashi, bishop ɗinta na farko.

Ga matashin da ke bibiyar siyasa, amfanin sanin duk wannan a bayyane yake. Muhawarar tikitin Musulmi da Musulmi a 2023 ta nuna yadda 'yan siyasa ke ɗaukar addini a matsayin lissafin jihohi. Idan wani ɗan takara ya zo yana magana da sunan Arewa, akwai tambayoyin da za a iya yi masa: ko jiharsa tana ba da takardar fili ga kowane wurin ibada bisa ƙa'ida ɗaya, ko kowane ɗalibi yana samun malamin addininsa, da kuma ko an gurfanar da waɗanda suka kai hari kan masu ibada, a masallaci ko a majami'a. Amsoshin suna cikin takardun ma'aikatun filaye da na ilimi da na shari'a, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta buɗe wa ɗan ƙasa hanyar neman irin waɗannan takardu.